Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Daga Bune Zuwa ga Ministan Shari'a: Ina Mai Taɓin Hankali Zai Kwana Ranar da Aka Sake Shi?

Zuwa ga Mai Girma Ministan Shari'a da Kare Haƙƙin Ɗan Adam,
Jamhuriyar Nijar, Yamai.



 

Ni tsohon malamin makaranta ne a karkarar Bune, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram. Na ɗauki alƙalami da yawun wasu iyaye da 'yan uwa waɗanda damuwa ɗaya ta haɗa su. Kowannensu yana da ɗa, ko ƙane, ko miji, ko 'ya mai taɓin hankali ko raunin fahimta, wanda ya shiga gidan kaso ya fito. Kafin mu zo jarida mun bi ƙofofin da aka saba bi. Mun yi magana baki da baki, mun rubuta, mun koma mun tuna. Ko'ina an tarbe mu da mutunci, an ba mu wurin zama da ruwan sha, amma amsar ba ta sake ba: "Wannan ya fi ƙarfina, daga sama ake yanke shi." Tunda daga sama ake yankewa, shi ya sa muka ɗaga murya zuwa gare ku, kuma a bainar jama'a, domin abin da ke damun Bune yana damun ƙauyuka da yawa daga Difa har Tilaberi.

Mu fara da yabon abin da ya cancanci yabo. Ƙasarmu ta saba yin afuwa ga 'yan kaso a manyan ranaku irin 18 ga Disamba, kuma masu taɓin hankali na cikin waɗanda akan lissafa tare da tsofaffi, masu ciki, masu shayarwa da masu ciwo mai tsanani. A watan Maris na 2020, lokacin korona, an saki mutum 1,540 a tashi ɗaya. Dokar shari'ar laifuka ta tanadi sakin talala ga wanda ya nuna kyakkyawan hali, kuma dokar 31 ga Maris 2017 kan tsarin gidajen kaso ta sa gyaran hali da mayar da mutum cikin jama'a a cikin manufofinta. Duk wannan tausayi ne, Allah ya saka da alheri.

Sai dai, ranku ya daɗe, mai lafiya in an buɗe masa ƙofa ya san tasha, ya san sunan ƙauyensu, ya san wanda zai roƙa kuɗin mota. Mara lafiyar ƙwaƙwalwa kuwa in an sake shi ba masauki, ba magani, ba mai riƙe hannunsa, an yi gudun gara ne an faɗa zago. Ƙarshensa ɗayan uku ne: titi, ko turu a bayan gida, ko komawa kason da ya fito. Ga koke-kokenmu ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ana saki ba tare da shiri ba.

Akwai wani saurayi daga ɗaya daga cikin ƙauyukanmu. Kafin ciwo ya kama shi, yana aikin kanwa a kwari tare da mahaifinsa. Ya fara jin muryoyin da ba wanda ke ji sai shi, ranar kasuwa ya ɗauki sanda ya rotsa wa wani bawan Allah kai. An kama shi, an yanke masa hukunci. A tsare yakan samu magani jefi-jefi, har ya lafa. Da aka sake shi ba wanda ya sanar da iyayensa. Wani ɗan kamasho ne ya gane shi a tasha, yana zaune a gindin bango ba takalmi, leɓɓansa sun tsage don ƙishirwa. A aljihunsa babu komai sai takardar saki, an ninke ta huɗu, gumi ya jiƙa ta har rubutun ya fara gogewa. Aka tambaye shi wane magani yake sha, ya ce "ƙaramar fara". Iyakar abin da ya sani ke nan, kuma takardar ba ta ce komai a kai ba.

Ba mu zargin mai tsaron da ya buɗe ƙofa, umarni ya bi. Abin da muke cewa shi ne umarnin ya tsaya a bakin ƙofa. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da 'yan kaso, waɗanda aka amince da su a Disamban 2015 aka raɗa musu sunan Nelson Mandela, sun yi magana a kan wannan ƙarara. Ƙa'ida ta 108 ta nemi a tabbatar wanda aka saki yana da takardun shaida, da wurin zama, da sutura, da guzurin da zai kai shi inda za shi. A cikin waɗannan huɗu, yaron nan bai samu ko ɗaya ba.

Na biyu, magani yana yankewa ranar da aka fito.

Magungunan da ake ba irin waɗannan marasa lafiya tsofaffi ne, sanannu ne, kuma ba su cikin masu tsada: Largactil da Haldol ga masu ruɗewar hankali, Gardenal ga masu farfaɗiya. Akwai ma allurar da ake yi sau ɗaya a wata ga wanda ba ya iya riƙe shan ƙwaya kullum. Amma dukkansu ba su son yankewa. In an bar na hauka, ciwon yakan dawo cikin makonni ko watanni, sau da yawa ya fi na da. In an yanke na farfaɗiya farat ɗaya, bugun kan iya zuwa a jere har ya yi kisa, ko ya kayar da mutum cikin wuta ko rijiya.

Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasarmu ƙalilan ne, kuma akasarinsu suna Yamai, inda sashen nan na Pavillon E yake a babban asibitin ƙasa. Mu kuwa tsakaninmu da Yamai tafiyar kusan kilomita dubu ce. Mafi kusa da mu shi ne babban asibitin Damagaram, kuma daga Gure kawai ya haura kilomita 150, ban da hanyar yashi daga ƙauye zuwa bakin kwalta. Mara lafiya ba ya tafiya shi kaɗai, sai da mutum ɗaya ko biyu masu ƙarfi. Kuɗin mota na mutum uku zuwa da dawowa, da abinci, da kwana, da magani, sai an sayar da akuya. Wata mai zuwa a sayar da wata. Garken talaka ba ya jure wannan, shi ya sa daga tafiya ta biyu ko ta uku sai a ce an bar wa Allah.

Alhali tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, wanda aka tsara musamman don ƙasashe irin tamu, domin majo a CSI, wato asibitin ƙauye, ya iya gane waɗannan cututtuka, ya ci gaba da ba da maganin da ƙwararre ya rubuta, ya san lokacin da zai tura mutum gaba. Ƙa'ida ta 110 ta Mandela ita ma ta nemi a shirya yadda magani zai ci gaba bayan saki. Abin da ya rage shi ne takarda ta bi mara lafiya daga kaso zuwa CSI mafi kusa da gidansu. Yau ba ta bin sa.

Na uku, babu masauki.

Za a ce ai yana da dangi. Gaskiya ne, kuma mutanenmu ba su da al'adar yar da nasu. Amma a duba halin da mutum ke tararwa. Matarsa ta nemi saki tun yana tsare, ta koma gidansu da yara. Ɗakinsa na kara ya faɗi a damina. Gonarsa wani ya noma, ko yashi ya cinye ta, don a ƙasar Muniyo tudun yashi ba ya jiran kowa. Wanda ya ji wa ciwo yana nan a ƙauye ɗaya, da 'yan uwansa, kuma tsoronsu yana da dalili. Yara na bin sa suna jifa suna kiran "mahaukaci", manya na cewa "ɗan kaso". Tabo biyu ke nan a kan mutum ɗaya.

Saurayin da na ambata, da ciwon ya dawo, mahaifinsa ya sa shi a turu ƙarƙashin wata aduwa a bayan gida. Na gan shi da idona. Ƙafar da ke cikin gungumen ta kumbura, fatar idon sawu ta saɓule, ga ƙwaryar fura a gefe ƙuda na bi. Mahaifin, dattijo mai furfura, ya kawar da kai ya ce mini: "Malam, in na kwance shi ya taɓa wani, wa za a kama? In na bar shi haka, me zan gaya wa Allah?" Ba mugu ba ne. An bar masa aikin likita da na alƙali da na mai gadi, shi kaɗai, da rumbun da ba ya kai shi bazara.

Waɗanda suka gaji da turu sukan tsallaka iyaka, tunda Najeriya na kusa da mu, su kai nasu gidajen mari. Duniya ta ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa, sannan aka ga irinsa a Daura wata ɗaya bayan nan. Muna da malamai na gari masu yi wa marasa lafiya addu'a da ruƙiyya ba tare da duka ko ɗauri ba, kuma su abokan aiki ne da ya kamata a jawo. Amma inda hukuma ta bar wuri a buɗe, kowa ma shiga yake yi.

Halin mata ya fi muni. Mace mai taɓin hankali da ta fito daga kaso, in dangi suka juya mata baya, kasuwa da tasha ne makwancinta. Abin da ke biyo baya kowa ya sani, ko da ba a son faɗa: fyaɗe, da cikin da ba a san mai shi ba, da jariri a hannun wadda ba ta iya riƙe kanta.

Na huɗu, masu raunin fahimta an manta da su gaba ɗaya.

Waɗannan ba su da ciwon da ke tashi ya kwanta. Haka aka haife su, ko zazzaɓi mai zafi ko sanƙarau ya taɓa ƙwaƙwalwarsu tun suna ƙanana. Jiki na babba, wayo na yaro. Su ne 'yan aiken masu wayo. Na san wani da samari suka ba shi igiyar akuyar sata suka ce ya kai kasuwa za su saya masa tsire. Shi aka kama da igiya a hannu. Duk tambayar da aka yi masa "to" yake cewa, don tun yana yaro ya koyi cewa "to" ce ke hana a daka masa tsawa. Ya dangwala yatsa a takardar da bai san me ta ƙunsa ba.

Irin wannan mutum sakin talala ya zame masa tarko ta fuska biyu. Kafin a ba shi, ana son ya nuna yana da wurin zama da abin yi da wanda zai tsaya masa, shi kuwa bai san ma akwai wannan dama ba, balle ya rubuta takardar nema. In kuma an ba shi, ana gindaya masa sharuɗɗa: ya bayyana a wuri kaza rana kaza, kada ya bar yanki kaza. Mutumin da a kwanakin mako ranar kasuwa da Juma'a kaɗai ya sani, yaya zai riƙe kwanan wata? In ya saɓa a ce ya karya sharaɗi. Hukumar ANAJJ, da aka kafa da dokar Disamban 2011 don taimaka wa marasa ƙarfi a gaban shari'a, domin irin waɗannan aka yi ta. Muna son hannunta ya iso gare su tun daga ofishin jandarma har bayan saki.

Na biyar, ba wanda ke ɗauke da alhakin.

Ma'aikatar shari'a na ganin aikinta ya ƙare da saki. Ma'aikatar lafiya na jiran a kawo mata mara lafiya. Ma'aikatan jin daɗin jama'a ba a sanar da su ba. Kantoma da maigari sai dai su ga mutum ya ɓullo. Kowa yana da gaskiyarsa, mara lafiya kuma yana kwance a tsakani. Amma ƙasarmu ta rattaba hannu. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda sashenta na 19 ya ba su haƙƙin zama cikin jama'a tare da tallafin da suke buƙata. A 2019 an yi dokar ƙasa kan shigar da naƙasassu cikin al'umma. Tun 2003, a ƙarar Purohit da Moore a kan Gambiya, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Afirka ta nuna cewa ƙarancin dukiya ba ya ɗauke wa gwamnati nauyin ɗaukar matakai na zahiri domin masu taɓin hankali. Kafin duk waɗannan, malamanmu sun karantar da mu cewa wanda hankalinsa ya gushe ba mukallafi ba ne, kuma wanda ba shi da waliyyi, hukuma ce waliyyinsa.

Mai girma Minista, mun san amsar da za a iya ba mu: ƙasa na cikin yaƙi, baitulmali ba shi da yalwa. Mun sani, 'ya'yanmu ne ke bakin daga. Amma ku dubi maƙwabtanmu na gabas. A Gudumariya gwamnatinmu ta buɗe cibiya domin tubabbun Boko Haram, ta ba su wurin kwana da abinci, ta koya musu sana'a, kuma a ƙarshen 2019 aka yaye rukunin farko. Ba mu yi hassada ba, dabara ce ta zaman lafiya. Amma ƙasar da ta iya shirya wa wanda ya ɗauki bindiga da hankalinsa hanyar komawa gida, ba za ta gaza shirya wa wanda ya ɗauki sanda cikin ciwo ba.

Kuma ba katafaren asibiti muke nema ba. A 1954, a Aro kusa da Abeokuta, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya saukar da marasa lafiyarsa a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowane da ɗan uwansa ɗaya, ana biyan masu gida kuɗin haya, likita na duba su da rana. Ya jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da aka yi a Afirka ta Yamma shekaru saba'in da suka wuce ba zai gagare mu yau ba. A kuma yi lissafi: sake kama mutum, da tsare shi, da ciyar da shi, da zaman kotu, da jinyar wanda ya ji wa rauni, duk kuɗin gwamnati da na talaka ne. Magani da masauki sun fi sauƙi, kuma su ne kariyar da ta fi amfani ga wanda aka rotsa wa kai a kasuwa.

Saboda haka, cikin ladabi, ga roƙonmu:

1. Ku fitar da umarni ga dukan gidajen kaso cewa kada a saki mai taɓin hankali ko raunin fahimta, ta afuwa ko ta talala ko don wa'adinsa ya cika, sai an sanar da danginsa, da maigari ko bulamansa, da majon CSI mafi kusa tun da sauran lokaci. A ba shi kuɗin mota, da ɗan rakiya, da katin ɗan ƙasa. Kada kuma wannan shiri ya zama dalilin ƙara masa ko kwana ɗaya a tsare.

2. A riƙa duba lafiyar ƙwaƙwalwar mutum lokacin shigarsa da kafin fitarsa, a kuma ƙirga masu wannan lalura a kowane gidan kaso, har da masu jiran shari'a. Wanda ciwonsa ya yi tsanani a mayar da shi hannun likita, kamar yadda ƙa'ida ta 109 ta nema.

3. Ku zauna da takwaranku na lafiya ku ƙulla yarjejeniya: kowa ya fita da maganin wata uku da takardar da ta faɗi sunan ciwo da awon magani, a ci gaba da ba shi kyauta a CSI, kamar yadda aka yi wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar tun 2006. Ƙwararren ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa ya riƙa zagayawa gundumar Gure kowane wata.

4. A buɗe ƙaramin gidan sauka a Gure a matsayin gwaji, ɗakuna kaɗan, ɓangaren mata daban, ba kwaɗo ba sarƙa, inda wanda ba shi da wurin zuwa zai zauna 'yan watanni kafin a sasanta shi da danginsa da wanda ya cutar.

5. Iyalin da suka karɓi irin wannan mutum, nasu ne ko riƙo, a sa su cikin shirin tallafi na Wadata Talaka da rabon hatsin hukumar abinci ta OPVN. Wanda ya samu sauƙi a ba shi jari daidai ƙarfinsa: 'yan awaki, ko fegi a lambun kwari, ko saƙar tabarma da igiya da kabar goruba, sana'o'in da ƙasarmu ta sani.

6. A daidaita sharuɗɗan sakin talala da hankalin mai su. A yi masa bayani da harshen da yake ji, Hausa ko Barbarci ko Fulatanci ko Tubanci, a gaban waliyyinsa. Ya riƙa bayyana wurin maigari ko majo maimakon doguwar tafiya birni. In ya saɓa rana, a fara tambayar lafiyarsa kafin a yi maganar mayar da shi.

7. A naɗa jami'i ɗaya a kowace kotu wanda wannan aiki ke wuyansa, wanda iyaye za su san ƙofarsa, kuma a riƙa bayyana wa jama'a sakamakon aikin kowace shekara.

Mu ma ba za mu naɗe hannu ba. In hukuma ta sa ƙafa, samarinmu za su buga tubali, za mu roƙi sarakunanmu fili, za mu roƙi limamai su yi huɗuba a kan haƙƙin waɗannan bayin Allah, su tuna wa masu zakkar kaka cewa ga mabuƙata a bayan gidajensu. Dangi za su kwance turu da hannunsu ranar da suka tabbata akwai magani a CSI kuma akwai wanda za su kira cikin dare.

Ranku ya daɗe, 18 ga Disamba na nan tafe, kuma za a sake rubuta sunayen waɗanda za a yi wa afuwa. Muna roƙonku, don Allah, kafin a sa hannu, a rubuta a gefen sunan kowane mara lafiya inda zai kwana, da wanda zai karɓe shi, da CSI da zai ba shi magani. Muna kuma gayyatarku, ko wakilinku, ku zo Bune ku gani da idonku. Muna jiran amsarku ta kowace hanya kuka ga dama.

Allah ya ja zamaninku, ya ba ku ikon tsayar da adalci, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalamu alaikum.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin makaranta,
a madadin wasu iyaye da 'yan uwan marasa lafiya,
Bune, gundumar Gure, jihar Damagaram.